Hancin Baffa da Kumfar Musbahu

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a tsakiyar falon yayana, gaban manyan mutane, ina girgiza wata 'yar kwalba kamar mai tallan magani a tasha ba. Har yau idan abin ya faɗo min a rai, ko a kan hanya nake, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san inda ciwon yake. Ni mai sayar da turare ne. Sana'ar gidanmu ce, da ita kakanninmu suka ƙetaro sahara suka zauna a cikin birni, mu ma muka tashi muka tarar. Saboda haka akwai abu guda da nake taƙama da shi fiye da kima, wato hancina. Shafa turare ka gifta ta gabana, zan gaya maka sunansa, in gaya maka ko an sirka shi, har in faɗi abin da aka sirka shi da shi. Matsalar ita ce a hankali na fara ɗaukar hancin nan tamkar alƙali. Na tashi daga shinshinar turare na koma shinshinar mutane, kowa ya zo gabana sai na nemi inda aka sirka shi. (Matata Hajara zargi take kiran wannan hali nawa. Ni kuwa a lokacin basira nake ce masa.)

Ana nan sai Sa'adatu, 'yar yayana Alhaji Bashir, ta fito da wanda take so. Yarinya ce mai hankali, ta gama jami'a tana koyarwa, kuma a cikin 'ya'yan Yaya babu wadda nake ji da ita kamarta. Sunan yaron Musbahu, ɗan Madabo ne, an ce yana digiri na biyu a kan ƙananan halittun nan da ido ba ya gani sai da madubi. Kamar yadda aka saba, kafin a ba shi izinin turo magabata sai an yi bincike. Yaya ya kira ni ya ce, "Kai ne mai ido a gidan nan, je ka dubo mana yaron." Na ji daɗin maganar, amma a zuciyata na gyara masa, na ce mai hanci dai.

Duk wanda ya san binciken aure ya san ƙa'idarsa. Kowa ake tambaya ban da wanda ake bincika. Ka tambayi liman, ka tambayi maƙwabta, ka tambayi mai shagon layin, amma shi yaron ko sallama ba ka yi masa, don in ka tambaye shi ai gyara maka zancen zai yi. Ni kuwa na riƙe wannan ƙa'ida da hannu biyu.

Na shiga Madabo da azahar, na yi salla a masallacin layinsu, na zauna a majalisar da ke ƙofar shagon wani tela. Liman ya ce yaron kirki ne, sahun gaba. Wani dattijo ya ce tun yana ƙarami bai taɓa jin an ɗaga murya da shi ba. Mai shago ya ce ko sigari bai taɓa gani a hannunsa ba. Da wani mai hankali ne, da ya tashi ya koma gida yana hamdala. Ni kuwa sai na ji raina bai kwanta ba. A sana'ata, turaren da ƙamshinsa ya yi yawa a shaƙar farko shi nake fara tuhuma.

Na ci gaba da ƙwaƙƙwafi har tela ya ajiye almakashi ya ce, "To, Alhaji, in dai akwai abin faɗa, sai dai jarkokin nan nasa."

"Waɗanne jarkoki?"

"Wasu jarkoki yake shigowa da su a adaidaita, cike da wani ruwa ja-ja mai kauri. Ɗakin zaurensu yake kai su, kuma ba ya barin kowa ya shiga. Ko mahaifiyarsa a bakin ƙofa take tsayawa."

Na gyara zama. Na rage murya na ce, "Ɗakin yana wari?"

"E to, wani lokaci akan ji kamar warin daddawa."

"Kumfa fa? Kun taɓa ganin kumfa?"

Tela ya dube ni, ya dubi sauran mutanen majalisar. Ban ce komai ba, Allah ne shaidata ban furta kalmar ba. Kai kawai na girgiza, na ce, "Allah ya shirya mana zuri'a." Sai daga baya na gane cewa da na furta ma da ya fi sauƙi.

A tsakanin nan ne wani abu ya faru a gida wanda ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ina da wata farar shadda da nake ji da ita, ɗinkin babbar riga, wadda sai ranar taro take fita. Tsautsayi ya sa na sunkuya duba janareta da ita a jikina, baƙin mai ya ɗiga min a gaban rigar. Mai wanki da guga ya dawo da ita yana ba ni haƙuri. Bayan 'yan kwanaki sai ga Hajara ta miƙo min ita fes, ta turara ta da turaren wuta, babu ko alamar tabo. Na tambaye ta da me ta wanke, ta ce wani ruwan wanki ne Sa'adatu ta kawo mata ta gwada. Na ce madalla, na wuce. Hankalina yana Madabo.

Washegarin zuwana Madabo na tare a bakin layinsu, Musbahu ya fito da jarkoki babu komai a ciki ya tari adaidaita, ni ma na tari wata na ce a bi shi. (Ku yi tunanin mutum mai furfura a gemu, ya ja hula har gira, yana ce wa direba "kar ka matsa kusa". Direban ma dariya yake ƙunshewa.) Muka fita ta Ƙofar Kabuga har wata rumfar kwano a wani lungu. Ga duro-duro, ga bututai, ga wasu samari da safar hannu suna juya wani abu. Musbahu ya shiga suka gaisa kamar 'yan uwa. Na lallaɓa inda ya jera jarkokin da aka cika masa, na kwance murfin ɗaya, na kai hanci.

Sifirit. Wallahi sifirit, ɗan uwan giya. A ƙarƙashin warin tsohon man suya, ga shi nan ƙarara. Shekaruna nawa ina haɗa turare, ko a mafarki na ji wannan warin zan gane shi. Na mayar da murfi. Abin kunyar shi ne, ba baƙin ciki na ji ba, daɗi na ji, irin daɗin wanda hasashensa ya tabbata.

Na sami Yaya na ce masa kada ya yi gaggawa, ban gama ba. Ya ce, "Kai ai ba ka gamawa. Na yi magana da liman ɗinsu da kaina, na riga na ba su izini, ranar Asabar za su zo sa rana." Maganar ta sosa min rai. Ni aka ba aiki, sannan a zagaye ni? Na ƙudure a raina ba zan ƙara ce masa komai ba sai na riƙo hujja a hannu, kuma a gaban kowa zan ajiye ta don kada a ce zargina ne ya motsa.

Ranar Juma'a na koma Madabo lokacin da na tabbata maza sun tafi masallaci. (Na sani. Ni ma masallacin ya kamata a ce na nufa, kuma da ƙyar na sami raka'ar ƙarshe.) Ɗakin zauren a rufe yake, amma tagarsa a buɗe, sai raga da ta yage ta gefe. Na leƙa. Ga wata ƙatuwar kwalba a kan tebur cike da ruwa mai duhu, wani ɗan inji yana hura mata iska tana ɓulɓul, kumfa tana hawa ta bi ta wani siririn tiyo tana zuba a bokiti mai murfi. Ga tukunyar nan mai kulle tururi da ake dafa ganda da ita. Ga kuma ƙullin daddawa iri-iri a jere, kowanne da 'yar alama a jikinsa. Nan take na warware lissafin: daddawar don ta danne wari ce, kada maƙwabta su gane. Na ce lallai yaron nan ya ƙware.

Bokitin yana daidai ƙarƙashin taga. Na naɗe hannun riga, na zura hannu ta yagewar ragar, na ɗaga murfi, na cika 'yar kwalbar turare da ke aljihuna. Wata akuya ce kawai ta gan ni.

Asabar da hantsi na saka farar shaddata na tafi gidan Yaya. Baƙi suka iso, jagoransu Malam Tijjani, baffan Musbahu, wani dattijo mai sanyin magana da ya tsufa a koyarwa. Musbahu ne ya tuƙo su, amma ya tsaya a mota a waje kamar yadda ya dace. Mata suna ciki, labule kawai ya raba mu da su. Aka gaisa, aka ajiye goro da alewa, aka yi addu'a. Malam Tijjani ya fara gabatar da abin da ya kawo su, sai na yi gyaran murya.

"A gafarce ni," na ce, "ni aka wakilta bincike, kuma amana ce. Ba zan yi shiru a ɗauki 'yarmu a kai ta gidan da ake dafa giya ba."

Yaya ya juyo ya zuba min ido. Ni kuwa na miƙe tsaye, na zaro kwalbar, na girgiza ta da ƙarfi har ta cika da kumfa, na ɗaga sama ina juyawa don kowa ya gani. Na ba da labarin jarkoki, na ba da na rumfar kwano, na ba da na sifirit da daddawa. Har da cewa na yi, "Hancina bai taɓa yi min ƙarya ba." Daga bayan labule na ji wata 'yar ƙara, kamar an toshe baki da mayafi, na san Sa'adatu ce.

Malam Tijjani bai ɗaga murya ba. Ya ce da wanda ke kusa da shi, "Kira min Musbahu."

Yaron ya shigo ya durƙusa. Baffansa ya ce, "An ce giya kake dafawa a zauren gidan ubanka. Ga ta can a hannun Alhaji."

Musbahu ya dubi kwalbar, ya dube ni. Na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma muryarsa ba ta canza ba. Ya ce, "Baffa, don Allah a taimaka min da faranti da ruwa, da ɗan baƙin mai na janareta."

Aka kawo. Ya zuba ruwa a faranti, ya ɗiga baƙin man, man ya bazu ya rufe saman ruwan. Ya karɓi kwalbar daga hannuna da hannu biyu, ya ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiya. Kafin ka ƙifta ido man ya tsere gefe-gefe, tsakiyar farantin ta yi tas, har kana ganin zanen furen da ke ƙasa. Dattawa suka miƙo wuya. Wani ya ce, "Ikon Allah, sake yi mu gani."

"Sabulu ne, Baffa," in ji Musbahu, "sai dai ba mutum ne ya haɗa shi ba, ƙwayoyin halitta ne suka yi. Rumfar da aka gan ni, tsohon man suya suke tarawa daga wajen masu awara da ƙosai da kifi, su dafa shi ya zama man gas na inji. In an dafa, akwai ruwa mai kauri da yake kwanciya a ƙasa, gilisirin ne irin wanda mata suke zubawa a man shafawa, amma mai datti. Da a kwata suke zubar da shi. Shi nake karɓowa."

"Sifirit ɗin fa?" na faɗa, muryata ta fara siririncewa.

"Gaskiya ne akwai shi, da shi suke dafa man. Amma ba na sha ba ne, guba ne, makantarwa yake yi. Sai na ɗumama na kore shi kafin in ba ƙwayoyin, in ba haka ba su ma ba za su yi aiki ba."

Wani daga cikin baƙin ya ce, "Daddawa kuma miya kake yi musu?"

Musbahu ya ɗan yi murmushi. "A jikinta na samo ƙwayoyin. Su ne suke nunar da kalwa ta zama daddawa. In suka ci gilisirin ɗin nan suka ƙoshi, sai su fitar da wannan abin, shi ne yake hawa a kumfa. Burinmu a riƙa wanke ƙasar garejin makanikai da shi, inda baƙin mai ya kashe ƙasa, don shi ba ya ɓata ƙasa, narkewa yake. A makaranta layi ake yi a ɗakin gwaji, ga wuta ba ta zama, shi ne malamina ya yarda in yi gwajin farko a gida da sola. Hana shiga kuma don kada wata ƙwayar ta faɗa ciki ne ta ɓata aikin." Sai ya juya kwalbar a hannunsa, ya gane irin ta turare ce. Ya ce, "Jiya na tarar an ture murfin bokitin. Wallahi akuyar gidanmu na zarga, har na ɗaure ta."

Gumi ya karyo min. Amma mai hali irin nawa ba ya faɗuwa sau ɗaya, sai ya nemi na biyu. Na ce, "To, wa ya tabbatar yana wanke wani abu? Wasan faranti ai kowa ma zai iya."

Sai muryar Hajara ta fito daga bayan labule, a nutse, kamar tana tambayata cefane: "Alhaji, rigar da ke jikinka ma da shi na wanke."

Kowa ya dubi gaban rigata. Ni ma na duba. Wani ya fara tari don ya ɓoye dariya, tarin ya ƙi ɓoye ta, sai falon ya ɗauka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na nemi wajen zama na zauna, na rasa inda zan sa hannuwana, don duk inda na ɗora su a kan rigar ne.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Yaya da Malam Tijjani. Dattijon ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Yanzu na gane. Kwanakin nan yaron nan in ya yi sallama a majalisar layinmu ciki-ciki ake amsa masa. Jiya wani ya ja ɗansa daga kusa da shi a masallaci. Ashe daga nan abin ya taso." Ya dubi Yaya ya ce, "Alhaji Bashir, ba mu fasa ba. Amma ba za mu sa rana ba sai an gyara sunansa a inda aka ɓata shi." Suka tashi, suka bar goron a inda yake, ba a raba ba.

Dariyar da aka yi min ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Ina zaune ni kaɗai a falon Sa'adatu ta fito, idanunta sun kumbura, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba. Sannan ta ce, "Baffa, me ya yi maka?" Yarinyar da nake cewa ina karewa, ni ne na kusa raba ta da wanda take so, kuma ba don komai ba sai don a ce hancina ya yi gaskiya. Ranar na ji kunya ta gaske, irin wadda babu dariya a cikinta.

Washegari bayan la'asar aka gan ni a Madabo da faranti a hammata, da gorar ruwa, da baƙin mai a kwalba. Na tsugunna a ƙofar shagon tela, gaban duk waɗanda na yi wa girgiza kai, na ce, "Jama'a, ni ne na zo nan na shuka muku zargi a kan yaron nan, kuma ƙarya hancina ya yi." (Ba ƙarya ya yi ba, mai hancin ne ya yi gaggawa, amma ba ranar kare hanci ba ce.) Na zuba ruwa, na ɗiga mai, na ɗiga kumfar Musbahu, man ya gudu. Na yi bayanin gilisirin da daddawa gwargwadon abin da na riƙe, inda na kwafsa Musbahu ya gyara min daga baya. Aka sa na maimaita har man ya ƙare, don duk wanda ya iso sai ya ce bai gani ba. Tela ya ce, "Alhaji, ko za ka ɗan kurɓa mu tabbatar?" Nan ma aka sake kwashewa da dariya.

Da za mu rabu Musbahu ya rako ni bakin titi, shi ya riƙo min farantin. Na ba shi haƙuri, ya ce babu komai. Sai da na tari adaidaita ya ce, "Baffa, ranar da ka biyo ni Kabuga na gan ka fa. Na ɗauka za ka ƙaraso ka tambaye ni, har na ce da yaran su share maka benci."

An sa rana, an yi biki, yanzu har sun haihu. A gidansu da gidan Yaya sunana ya koma Baffa Kumfa, ƙananan yara ma da ba su san mafarin ba haka suke kirana. Hajara kuwa duk ranar da na fara cewa wani abu bai yi min ƙamshin gaskiya ba, sai ta ce, "In ɗauko maka faranti?"

Na dai koyi darasi. Na yi wa kaina alkawari, duk ranar da aka sake ba ni binciken aure, bayan liman da maƙwabta sai na je na yi wa yaron sallama, in ce, "Malam, mene ne a cikin jarkar nan?" Alkawarin yana nan ban karya ba, don tun daga ranar babu wanda ya ƙara ba ni bincike.